Tsohuwar kazata ta hana sababbi shan ruwa

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Allah ya ƙara basira.

Ni matar aure ce a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Ina kiwon kaji a bayan ɗaki: kajin gida 9, zakara 2, sai 'yan zabi. Da kuɗin ƙwai nake sayen sabulu da kayan miya ba tare da na jira maigida ba, shi ya sa abin da zan faɗa ya dame ni fiye da yadda wani zai zata.

Kafin azumi ɗana ya sayo mini sagara 4 a kasuwar Lahadi ta Pitowa. Sai da na ware su na ga ba su da mura ko zawo, sannan na haɗa su da sauran. To, tun ranar akurki bai zauna lafiya ba. Akwai wata baƙar tsohuwar kaza, ita ce uwar kusan duk na gidan. Da sababbin sun matso kusa da kaskon dusa, sai ta bi su da sara. Na san kaji sukan ɗan gwada ƙarfi kafin kowa ya san matsayinsa, kamar uwargida da amarya, amma wannan ya wuce nan. Ta fige wa ɗaya gashin wuya har jini ya fito, kuma da sauran suka ga jan wurin, su ma suka sa baki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwa. Kun san zafin Garwa a watan Afrilu, yakan wuce digiri 40, ga shi ta tsare kaskon ruwan, sababbin na raɓe a lungu baki buɗe suna haki.

Maigida ya ce a sa mata wuƙa a huta, wai sabo da kaza ba ya hana yanka. Ni kuwa ba ni da mai kwanci kamarta. Kwana 21 take yi kan ƙwai ba ta gudu, har na zabi takan ƙyanƙyashe mini, kuma shirwa ba ta ɗaukar mata tsako. Surukata ta ce a ɗan ƙona bakinta da wuƙa mai zafi. Zuciyata ta ƙi, don kazar gida da bakinta take tono.

Malam, wa ya kamata in ware, mai saran ko waɗanda ake sara, kuma har tsawon wane lokaci? Ƙara kasko a wani gefen zai wadatar, ko akurkin ne ya yi musu kaɗan? Me zan shafa wa ciwon da zai ɓoye jan ba tare da ya cutar ba? Maƙwabciyata toka da man shanu take sawa.

Na kuma ji cewa kaza kan ci gashin 'yar'uwarta idan abincinta ba ya gina jiki. Nawa dusar masara ce da tsakin dawa, sai gara idan yara sun samo. Ƙulin auduga na kamfanin Sodecoton yana da sauƙin samu a nan, amma an ce yawansa yana ɓata gwaiduwa. In haɗa da garin busasshen kifi ya fi?

Zakarun ma sun fara faɗa. Biyu sun yi yawa ga kaji 13?

Taku mai sauraro,
wata 'yar'uwa daga Yelwa, Garwa.