A Riƙa Tunawa da Fursunonin Yaƙi

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba kasafai ake ambatonsu ba idan ranar tunawa da sojojin Najeriya ta 15 ga Janairu ta zagayo, wato sojojin da abokan gaba suka kama a fagen daga. Ana ajiye furanni domin waɗanda suka kwanta dama, ana karrama 'yan mazan jiya, amma wanda ya shekara biyu ko uku a tsare, yunwa da cuta suna cin sa, shiru ake yi da labarinsa, sai ka ce kamun da aka yi masa abin kunya ne.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya kai dattawanmu har ƙasar Bama, Japan ta tilasta wa fursunoni kimanin 60,000 shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 415 tsakanin Tailan da Bama, daga 1942 zuwa 1943. Fiye da 12,000 suka halaka saboda kwalara da zazzaɓin cizon sauro da atini da duka. Duk da haka likitocin da ke cikinsu ba su karaya ba, domin da gora da gwangwani suka riƙa haɗa kayan jinya, har ƙafar katako sun sassaƙa wa waɗanda aka yanke wa ƙafa.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne na 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙi, Jamus ta tsare su tun 1940. Da suka dawo suka nemi haƙƙinsu, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944.

Yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta haramta azabtar da fursuna, kuma tun kafin ta, Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme. Ina roƙon ku aiko wakilanku Katsina da Daura su zauna da iyalan tsofaffin sojoji, a rubuta abin da iyayensu suka ba su labari tun masu riƙe da shi suna raye.

Naku mai karatu,
daga Daura, Jihar Katsina