Zuwa ga aminiyata, kan sugan da ya zo mini da cikin nan

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Wata huɗu ko gaisuwa babu, anya kuwa? Da ba don maganar da ke cina ba, da na zuba miki ido mu ga wadda za ta fara nema.

Cikina ya shiga sati 28. A sati na 26 aka yi mini gwajin suga wurin awo. Na je ban karya ba, aka ɗebi jini, na shanye ruwan gulukos giram 75, aka sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Sai ga shi sugana ya hau. Wallahi ban ji wani baƙon abu a jikina ba. Kasala da yawan fitsari kuwa, wace mai ciki ce ba ta yi?

Likita ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Mabiyiya ce ke fitar da wasu sinadarai masu hana insulin, wato sinadarin da ke rage suga a jini, aiki sosai. Sugan jinina yana ratsawa zuwa ga yaro, sai jikinsa ya yi ta samar da nasa insulin ɗin, yana mai da sugan kitse. Haka zai yi ta girma har ya wuce kilo 4, kafaɗa ta maƙale wurin haihuwa, ko a kai ga tiyata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan an yanke cibi: sugan da yake samu ya tsaya, insulin ɗinsa yana nan da yawa, sai sugansa ya faɗi. Shi ya sa ake sa shi a nono da wuri, ana kuma auna shi. Yaron kuma yana iya samun ciwon shawara da wahalar numfashi. Ni kuma hawan jini ake jiye mini, wanda kan kai ga jijjiga. Daren nan ban runtsa ba.

Af, kin ji Yaya ta koma makaranta? Mutuminki kuma har yau yana nan da rigimarsa.

Yanzu sau huɗu nake huda yatsa a rana don auna suga, ana so na safe kafin in karya ya tsaya ƙasa da 95 a na'urar awon. Kaɗan-kaɗan nake ci, na bar kayan zaƙi, ina tattaki bayan cin abinci, maigida na raka ni. Alhamdulillahi ba a kai ga allurar insulin ba tukuna. An ce yawanci sugan yana tafiya bayan haihuwa, amma zan sake gwaji tsakanin sati 6 zuwa 12, don yana iya dawowa daga baya ya zauna.

Ke nake tunawa. Autanki ya wuce kilo 4, muna ta yaba ƙibarsa, ashe wannan ma alama ce. Yaya ta tsegunta mini abin da kike ɓoyewa, barka! Don Allah ki faɗa musu nauyinsa ranar awo, ki ce a gwada ki da wuri. Kar in ji zancen tsoron allurar nan taki.

Akwai abin da na so tambayarki, ya shige mini. Ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum.