A daina hana jarirai nono ranar rigakafi

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ba ni ɗan fili, wani abu ne ya tsaya min a rai tun ranar da na kai ɗiyata allurar sati 10. Muna zaune a benci muna jiran layi, wata baiwar Allah jaririnta na ta tsala kuka kamar zai shiɗe amma ta ƙi ba shi nono, na ce haba 'yar uwa ki ba shi mana, sai ta ce wai uwar mijinta ta ja mata kunne, in za a ɗiga wa yaro maganin baki ba a shayar da shi, nono na kashe maganin. Wlh yaron ya ban tausayi.

Ba zan yi wa tsohuwar dariya ba don maganar da ɗan tushenta. Nono cike yake da sinadaran garkuwar jiki, musamman dakashin nan da wasu har yau ke matsewa su zubar wai datti ne, to su kansu likitoci sun taɓa zargin ko su ne ke rage ƙarfin ɗigon rota, na gudawar nan da aka fara ba yaranmu a Najeriya a 2022, saboda an lura ba ya kamawa a ƙasashe irin namu kamar yadda yake kamawa a Turai. Sai aka gwada a Afirka ta Kudu da Indiya da Pakistan, wasu iyaye aka ce su dakata da shayarwa na ɗan lokaci kafin ɗigon da bayansa, wasu kuma su ci gaba abinsu. Dakatawar ba ta tsinana komai ba, a Pakistan ma waɗanda suka sha nono nan take su ne jikinsu ya fi karɓar maganin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi a sa yaro a nono lokacin da ake masa allura, yana rage masa zafi, ni kam na gwada, tawa kukan ko minti ɗaya bai kai ba.

Roƙona ga malaman asibiti, tunda dama kuna mana lacca kafin a fara awo, ku riƙa faɗin wannan ɓaro-ɓaro da Hausa, don matar nan sai da nas ta zo da kanta ta ce mata ba komai sannan ta yarda ta ɗaga hijabi.

Wassalam,
Wata uwa daga Zariya