Amsa ga mai tambaya kan kashin gwaji na wasannin barkwanci

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye mu a bainar jama'a dalilin da ya sa idan mutum ya koma kashin farko na tsofaffin wasannin barkwancin talabijin yakan tarar da baƙin fuskoki, wani ɗaki daban, har da sunayen da ba a sake ji ba. Ka ce ko sakacin masu shiryawa ne.

A Amurka, a zamanin waɗannan wasannin, kashin farko galibi na gwaji ne, wato samfurin da ake kai wa tasha don ta saya. Ana ɗaukarsa shi kaɗai, a nuna wa shugabannin tashar, a kuma tara wasu 'yan kallo a tambaye su wa suka so, wa ya gundure su. Watanni sukan wuce kafin a ba da izinin ci gaba, kuma a wannan tsakanin ake tankaɗe da rairaya.

Ma'aunin da ya fi kowanne nauyi shi ne ko mutumin da aka rubuta zai iya haifar da sabon labari duk mako. Kashi ɗaya bai wuce minti 22 zuwa 25 ba, zango kuwa, wato jerin kashin da ake haskawa a shekara guda, yakan haura kashi 20, saboda haka ba wurin ajiye wanda ba shi da rikicin kansa. A kashin gwajin The Golden Girls na 1985 akwai kuku mai suna Coco a gidan matan. An cire shi, domin tsohuwar nan Sophia, wadda aka so ta riƙa leƙowa jefi-jefi, ta kwashe dariyar 'yan kallo, kuma da matan suka koma dafa wa kansu sai teburin kicin ya zama wurin hira da faɗa. Wannan hukunci ya yi daidai, ko da yake akwai ciwo ga wanda ya rasa aikinsa ba tare da ya yi laifi ba.

Shirin Seinfeld ya fi nuna abin ƙarara. An haska kashin gwajinsa a tashar NBC a watan Yulin 1989 da sunan The Seinfeld Chronicles. Babu Elaine, babbar jarumar shirin daga baya, a ciki. Macen da ke cikin manyan 'yan wasa a lokacin ita ce Claire, mai kawo abinci a shagon da babban jarumin, Jerry, da abokinsa suke zama. Maƙwabcin ma Kessler ne sunansa, ba Kramer ba. 'Yan kallon gwaji ba su so shirin ba, tashar ta ba da izinin kashi huɗu kacal, tare da buƙatar a sa mace cikin manyan 'yan wasa. Matsalar Claire ta tsari ce: tana tsaye a wurin aikinta, ba za ta bi su gida ko titi ba. Elaine kuwa, tsohuwar budurwar Jerry, tana da dalilin shiga ɗakinsa kowane lokaci.

Wani lokaci rubutun yana da kyau, wanda ya hau shi ne bai dace ba. Carl Reiner, marubucin labarin, ya fito da kansa a gwajin Head of the Family a 1960, ba a saya ba. Furodusa Sheldon Leonard ya riƙe labarin, ya sauya 'yan wasan, aka sami The Dick Van Dyke Show a 1961. All in the Family sau biyu ana yi wa tashar ABC gwajinsa, a 1968 da 1969, ana riƙe iyayen ana sauya 'yar da mijinta, kafin tashar CBS ta haska shi a 1971.

Ɗaki kuma yakan sauya ne saboda na gwaji na wucin gadi ne. In an sayi shirin sai a gina wanda zai daɗe, mai faɗin da kyamarori uku ko huɗu za su yi yawo a gaban 'yan kallo, da ƙofar da aka ajiye inda shigowar mutum za ta ba da dariya.

Idan shiri kake rubutawa, Malam, kafin ka ɗauki kashin farko zauna ka rubuta wa kowane mutum labari goma da shi ne silarsu. Wanda ka kasa cika masa biyar, ka haɗe shi da wani ko ka cire shi tun yanzu. Ka kuma ƙulla yarjejeniya da 'yan wasanka a rubuce cewa za su dawo in shirin ya karɓu, don kada ka wayi gari babban jaruminka ya kama wani aikin.

Wassalam.