Malam, in jinginar da gonar gado in tafi Libiya, ko in haƙura in zauna?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Allah ya saka da alheri bisa wannan shiri, ya ƙara basira. Ina roƙon a sakaya sunana da sunan garinmu, domin mahaifiyata ba ta rabuwa da rediyo, kuma ba na son ta fara jin wannan magana daga bakin wani.

Ni mutumin kudancin jihar Katsina ne, yankin Funtuwa. Da damina manomi ne ni, da rani kuma mai walda. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, don haka mahaifiyata da ƙannena duk a wuyana suke. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, an yi mini tayin tafiya Libiya bayan an gama girbi, kuma kuɗin hanyar ba su da mafita sai ta gonar da mahaifinmu ya bar mana.

Gonaki biyu muka gada. Babbar tana cikin daji, ita ce a da take cika mana rumbu da masara da dawa, har mu kai ragowa kasuwar Ɗandume. Yau shekaru ke nan ba ma iya noma ta yadda ya kamata saboda ɓarayin daji. Shekarar da aka yi sulhu da su, sai gari ya haɗa kuɗi a kai kafin a yi shuka, in amfani ya nuna a sake haɗa wasu kafin a bar mu mu girbe. Shekarar da sulhu ya lalace kuwa, ko kallon wajen dajin ba mai yi. Ƙaramar gonar ita ce a bayan gari, da ita muke riƙe da rai. Amma Malam, ka san ƙasarmu ta saba da taki, in ba ka zuba ba masara ba ta ko kai ƙugu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi: taki, maganin feshi, kuɗin huɗa, kuɗin ɗauko amfani daga gona. Muka daure muka noma da tsada. Da gwamnati ta ɗage harajin shigo da abinci daga waje a 2024, farashin hatsi ya yi ta sauka. Mai saye ya ji daɗi, kuma ban ga laifinsa ba, don ni ma ina da ranar da nake saye. Amma manomi ya wayi gari buhun masararsa ba ya sayen buhun taki.

Ka ce to ai ga sana'a a hannu. Ita ma sana'ar da manomi take rayuwa. Aikin da ya fi kawo mini kuɗi a da shi ne gyaran garmar shanu da haɗa amalanke. Da zarar hadari ya fara haɗuwa, ƙofar shagona cika take da garemani, wannan bakinta ya cinye, waccan hannunta ya karye, kowa yana rantsuwa nasa ya fi gaggawa. Yanzu an kore shanun huɗa, waɗanda suka rage masu su sun sayar don tsoro, to wa zai kawo garma? Akwai wata amalanke da na haɗa wa wani bawan Allah, ya ba da rabin kuɗi, kafin ya zo ɗauka aka shiga garkensa da dare. Tana nan jingine a bangon shago, tsatsa ta fara cin ta, ni ban iya tambayarsa ciko ba, shi bai iya zuwa ɗauka ba. Ƙofa da taga kuwa sai mai gini, kuma masu hali sun kwashe iyalansu sun koma Funtuwa da Zariya da Kaduna. Wutar lantarki ba a maganarta. A Oktoban 2024 ma Arewa kusan gaba ɗaya ta yi kwanaki a duhu. In na tayar da janareto, mai ya cinye ribar kafin ƙarfe ya huce. Yaran da nake koya wa aiki duk sun watse.

Da yamma a ƙofar shagon nan muke zama, mu da ba mu da abin yi: ni, da wani tela, da birkila, da makaniken babura, da manoma irina. Hirar ɗaya ce kullum, wa ya tafi, wa ya aiko, wa aka daina jin ɗuriyarsa. Telan Saudiyya yake so, wani ejan ya yi masa alkawarin aiki, amma yana tsoron ya je ya faɗa hannun kafilin da zai riƙe masa fasfo. Birkilan ya ce shi Aljeriya, don an ce gini ba ya ƙarewa a can. Makaniken shi ne mai cewa zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma ƙasar Allah mai faɗi ce. Wani dattijo a cikinmu ya kan amsa masa da cewa Allahn da ya faɗaɗa ƙasar shi ya hana mutum jefa kansa cikin halaka. Dukkanmu ba malalata ba ne, Malam. Kowa a cikinmu yana da abin da hannunsa ya iya, kuma ba wanda yake sha'awar barin garin da aka binne cibiyarsa. Wannan ne yake ƙona mini rai idan na ji masu magana a rediyo suna cewa kwaɗayi ne yake kai matasa hamada.

Tayin nawa daga ɗan baffana ya zo. Yana Sabha, a kudancin Libiya, yana aikin ƙarfe a wurin wani Balarabe. Yana aiko da saƙon murya ta WhatsApp, ya ce mai sana'a ba kamar lebura ba ne a can, mai walda ba ya kwana ba aiki, kuma ko aikin ƙarfe ya yi ƙasa akwai gonakin ban ruwa da ke neman wanda ya san noma. Kuma ba baki kawai ba ne, mun gani a ƙasa: ya yi wa mahaifiyarsa ɗakin siminti, ya aurar da ƙanwarsa, gidansu ba a rasa abin ɗorawa a murhu. Ya ce in na shirya zai haɗa ni da direban da ya sani a Agadas. Hanyar kuwa duk mun haddace ta kamar mun taɓa bi: Daura, Kwangwalam, Matamaye, Damagaram, Tanut, Agadas. Daga nan a hau bayan Hilux, kowa da jarkar ruwansa da sandar da zai riƙe tsakanin ƙafafu don kada ya faɗo, a bi ta Dirku da Madama har a shiga Gatrun, sannan Sabha. Ya ce tun da sojojin Nijar suka soke dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure, a Nuwamban 2023, motoci a fili suke tashi, ba a ɓoye kamar da ba. Da na lissafa kuɗin mota, da canjin naira zuwa sefa, da abin da ake bayarwa a shingaye, da abin da zan bar wa iyali kafin in fara aikowa, abin ya tasam ma naira miliyan ɗaya.

Ba wannan labarin kaɗai na sani ba. Akwai wani yaro a unguwarmu da ya tafi ba da cikakken kuɗi ba, direba ya ce ya hau in ya isa ya biya. Da suka isa aka miƙa shi gidan bashi, inda ake tsare mutum har sai an biya kuɗin da ake bin sa. Ina cikin waɗanda suka zauna a zauren gidansu ranar da aka kira waya, ana dukansa yana ihu yana kiran sunan babarsa, ana faɗin adadin da za a tura. Sai da aka sayar da tumakin gidan da keken ɗinkin yayarsa. Ya dawo, amma har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Wani kuma Aljeriya ya je, ya yi aiki ya tara, aka kama shi tare da wasu aka kwashe komai, aka zube su a hamada suka taka kilomita 15 a ƙasa zuwa Assamaka. Ban manta da mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013 ba, yawancinsu mata da ƙananan yara daga yankin Kance, Hausawa 'yan uwanmu, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Haka bidiyon nan na 2017 da aka nuna ana cinikin mutane a Libiya. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 ƙasar ba ta da hukuma ɗaya da baƙo zai kai ƙara. Da na faɗa wa ɗan baffana haka, ya ce gaskiya ne, amma in faɗa masa wace hukuma muke kai ƙara a nan idan an ɗauki mutum daga gonarsa. Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Yanzu ga inda maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Gonar daji ba mai karɓarta ko a kyauta. Wadda ake so ita ce ta bayan gari, kuma akwai wani mai hali da ya ce zai ba ni kuɗin a kan jingina, ya riƙa noma ta har ranar da na biya. Wato ranar da na hau mota, iyalina ba su da inda za su shuka ko tiya ɗaya. Su zauna jiran abin da zan aiko, in Allah ya sa na isa, in Allah ya sa na samu. Kuma gonar ba tawa ba ce ni kaɗai, ba a raba gado ba, akwai haƙƙin mahaifiyata da ƙannena mata biyu da autanmu da bai mallaki hankalin kansa ba.

Fita nema ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Kakanmu ya yi shekaru a zangon Kumasi yana fataucin goro, har da mata da shago. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, ya dawo da akwati ɗaya da tabarma. Mahaifinmu ya sha ba mu labarin cewa abin da ya rufa wa tsohon asiri shi ne ya tarar da gonarsa tana nan, ƙaninsa yana noma ta. Damina ɗaya ya miƙe. Shi ma mahaifin namu ya yi cin rani, amma bayan an kai amfani gida yake tafiya, ruwan farko kuma a gida yake same shi. Su gona ce take jiran su. Ni kuwa ana so in ba da gonar in sayi hanya, in an koro ni kamar yadda ake koro mutane kullum, in dawo in tarar da wani a cikinta, ga bashi a kaina.

Na ɗan taɓa wa mahaifiyata zancen daga nesa, kamar labarin wani nake ba ta. Ta dube ni ta ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ta ci gaba da tsince wakenta. Na san ta gane. Maiɗakina kuwa na faɗa mata kai tsaye. Ba ta ce kada in tafi ba, don ita ke auna hatsi, ta fi ni sanin abin da ya rage a rumbu. Abin da ta ce shi ne, in an shigo gari da dare, wa zai ɗauki yara biyu ita ta ɗauki biyu? Wannan tambaya ta hana ni barci. Majiya ƙarfin garinmu suna ta raguwa, in muka tafi duka, tsofaffi da mata ne za su rage a bakin dajin nan.

Na yi tunanin Kano ko Abuja ko Legas. Waɗanda suka je suna cewa masu walda sun yi yawa, kuma ba ka da shago ba ka da inji sai dai ka zama yaron wani, abin da za ka samu kuɗin ɗaki da abinci su cinye. Duk da haka ban rufe wannan ƙofa ba, don aƙalla in an ce Inna ba lafiya, kwana ɗaya ya kawo ni gida.

To Malam, ga abin da nake so ka warware mini. Shin ya halatta in jinginar da gonar da ba a raba ba, ko da manyan magada sun yarda, alhali akwai maraya a ciki? Ita kanta jinginar da mai kuɗi zai riƙa cin amfanin gona kuma a mayar masa da kuɗinsa cif, na ji wasu malamai suna cewa akwai riba a cikinta. Mene ne gaskiyar lamarin? Sannan in mahaifiya ta ƙi, alhali tafiyar don ciyar da ita da jikokinta ce, ina matsayina? Na san hadisin mutumin da ya nemi fita jihadi aka mayar da shi ga iyayensa, kuma ba na son in taka hamada ba da albarkarta ba. Amma ciyar da iyali ma wajibi ne a kaina, kuma ina ganin ranar da zan kasa tana matsowa.

Bayan hukunci kuma ina neman shawararka ta uba. Kar ka ce mini in yi haƙuri kawai, Malam, haƙurin muna yi, kuma za mu ci gaba da yi. Ka faɗa mini in da ɗanka ne yake tsaye inda nake, da sana'a a hannu da gona ɗaya tal a bayan gari, me za ka ce masa? In kuma cikin masu sauraro akwai mai walda ko manomin da ya yi wannan tafiya, wanda ya dace da wanda bai dace ba, ina roƙon a ba su dama su yi magana a shirin, domin mu da muke zama a ƙofar shagon nan duk za mu kasa kunne. Mai jinginar ya ce in ba shi amsa kafin a gama sussuka, ɗan baffana kuma ya ce lokacin sanyi ya fi sauƙin ratsa hamada, don haka ina roƙon a taimaka a duba wasiƙar nan da wuri.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Wassalam.

Naka,
Manomi kuma mai walda,
daga yankin Funtuwa, jihar Katsina