Zuwa ga wanda ya tambaye ni yadda Mosko ta haɗiye 'yan Kosak

Salamu alaikum Malam. Ka tsare ni a bainar jama'a ka ce tunda ina ta yabon 'yan Kosak na Yukren, wato jama'ar da suka taɓa samun rundunarsu da mulkin kansu a can, cewa mayaƙa ne har sun taɓa yi wa sojan Rasha kaca-kaca, to ya aka yi suka ƙare a hannun Mosko, ko dai zuzutawa ce kawai irin tawa? Ba zuzutawa ba ce. Sun iya yaƙi ƙwarai, amma a ganina ba a fagen daga aka cinye su ba, a wajen rabon sandar mulki ne.

Duba yaƙin Konotop, 1659. Ivan Vyhovsky ne hetman a lokacin, wato shugaban rundunarsu, shi ya gaji Bohdan Khmelnytsky wanda ya kai su inuwar sarkin Mosko a yarjejeniyar Pereyaslav ta 1654. Vyhovsky ya juya wa Mosko baya ya shirya da Foland, ya kira Tatarawan Kirimiya suka zo masa, suka yi kamar gudu suke sai mahaya dawakin Rasha suka bi su har suka haye rafi suka faɗa cikin kwanton ɓauna, aka karkashe su, aka kama Yarima Pozharsky aka kai wa Khan, sarkin Tatarawan, ya sa aka kashe shi. A Mosko hankali ya tashi har aka shiga gyaran ganuwa. To kafin shekarar ta ƙare fa wannan Vyhovsky ɗin ya ajiye sanda ya gudu Foland, kuma ba Rasha ce ta kore shi ba, nasa ne. Wani kwamandan Kosak, Ivan Sirko, ya kai hari ƙasar Tatarawa dole suka koma gida, kanar-kanar suka yi masa bore don talakawa ba sa son jin sunan Foland. Aka ɗora Yuri ɗan Bohdan, yaro matashi, ya sa hannu a takarda cewa ba za a sake tuɓe hetman ba sai da izinin sarkin Mosko, kuma babu hulɗa da wata ƙasa. Abin da Mosko ta rasa da takobi ta same shi da alƙalami cikin 'yan watanni.

Ka ce ai sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Haka ne, amma a nan masu gidan ne ke ɗauko ƙadangaren da hannunsu, kowa na rubuta wa Mosko cewa wancan ne maci amana ni ne naku.

Wanda ya fi ba ni haushi Ivan Briukhovetsky. Tsohon bara ne a gidan Bohdan, ya iya baki, a taron Nizhyn na 1663 ya tara talakawa ya ce shi na masu ƙaramin ƙarfi ne, manyan hafsoshi ne ke cinye musu haƙƙi, kuma a wannan bai yi ƙarya ba don hafsoshin suna ta handame filaye. Jakadan Mosko na wurin da sojoji. Aka ba shi sanda, abokan takararsa Somko da Zolotarenko aka sare musu kai. 1665 sai ga shi a Mosko da kansa, aka naɗa shi sarautar boyar, wato babban bafaden sarki, aka ba shi 'yar gidan sarauta ya aura, shi kuma ya yarda gwamnonin Rasha su zauna a garuruwa su riƙa karɓar haraji kai tsaye zuwa baitulmalin sarki. Talakan da ya ɗaga shi shi ne ya fara ganin masu ƙidayar haraji a ƙofar gidansa. 1668 'yan Kosak suka yi masa duka har ya mutu.

Kafin nan a 1667 Rasha da Foland sun zauna a Andrusovo sun raba ƙasar gida biyu da kogin Dinipro, babu ɗan Kosak a teburin.

Petro Doroshenko, hetman ɗin gaɓar da ta faɗa wa Foland, shi kam ina tausaya masa, don da gaske ya so haɗe gaɓa biyun, da ya ga ba Mosko ba Foland sai ya nemi kariyar Daular Usmaniyya, sai dai rundunar da ta zo taimako ba ta zo kyauta ba, Tatarawa suna kwashe mutane bayi, ƙauyuka suka watse jama'a suka riƙa tsallake kogi zuwa ɓangaren Rasha, ya zama hetman ɗin kufai. 1676 ya miƙa wuya a babban birninsa Chyhyryn ga abokin hamayyarsa Ivan Samoilovych, hetman ɗin ɓangaren Rasha, da sojan Rasha. Ba su kashe shi ba ma, gwamna suka ba shi can Vyatka, ya mutu kusa da Mosko.

Kar ka ɗauka Rasha ba ta zubar da jini ba, ta yi, a Chyhyryn ɗin ta gwabza da Turkawa a 1677 da 1678 har garin ya zama toka. Birnin Kiyef kuwa da aka ce a Andrusovo ta riƙe na shekara 2 ba ta mayar ba, 1686 ta biya Foland rubul 146,000 aka rufe maganar. Shi Samoilovych da ya yi nasara, shekara ɗaya bayan haka hafsoshinsa suka kai ƙararsa bayan yaƙin da suka kai Kirimiya tare da Rasha ya ci tura, aka tuɓe shi aka tura shi Tobolsk a Saberiya, aka miƙa sandar ga Ivan Mazepa.

Wassalam, a gaida mutan gida.