Keken guragu a filin jirgi: a nema da wuri, kuma a faɗi gaskiyar ƙarfin tsoho

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwa na Katsina da Daura masu shirin kai iyayensu Umara ko Hajji, da masu fitar da mara lafiya asibiti a Masar ko Indiya. Maganar a kan keken guragu ne da ake tura fasinja da shi a filin jirgin sama. Da yawanmu sun ɗauka alfarma ce, sai an san wani ko an miƙa na goro. Haƙƙi ne. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa kamfanonin jiragen da ke aiki a Najeriya su tanadi keke mai lafiya, su taimaka wajen hawa da sauka, su kuma ba mai lalura fifiko. A wajen yawancin kamfanoni ba a biyan ko sisi.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin neman keke shi ne ranar yankar tikiti, in an makara kuma, kada ya gaza awa 48 kafin tashi. Dalili shi ne masu tura keken galibi ma'aikatan wani kamfani ne daban mai hidimar jirage a ƙasa, kuma da sunayen da aka aiko masa yake raba keke da ma'aikata. Wanda ya zo ba sanarwa zai samu, amma sai an gama da waɗanda aka rubuta.

Cewa ejan "muna son keke" kawai bai isa ba, domin buƙatar hawa uku ce, kowace da haruffanta a kwamfutar kamfani. WCHR na wanda tafiya mai nisa ke gagara ne, amma yana iya taka matakalar jirgi har ya kai kansa kujera. WCHS na wanda matakala ta fi ƙarfinsa, amma in an kai shi ƙofar jirgi zai lallaɓa ya zauna. WCHC kuwa na wanda ba ya takawa sam, sai an ɗora shi a wani siririn keke mai ɗamara da ke wucewa tsakanin kujeru.

A nan ne ake yin ɓarnar, kuma mu 'ya'ya ne ke yin ta. Ejan zai tambaya, ɗa ya ce, "Ai Baba yana ɗan takawa," ko don kunya, ko don tsoron a hana tsoho tafiya. Sai a rubuta WCHR. A filin da babu gadar shiga jirgi, mai turawa zai kawo tsoho gindin matakala ya ja birki, don aikin da aka rubuta masa a nan ya ƙare. Ba a kira motar da ke ɗaga fasinja zuwa ƙofar jirgi ba, ba a tanadi kujerar ɗauka da mutum biyu ko uku da suka iya aikin ba. Ƙarshe samari su kama dattijo ta hammata su ja shi sama, ga rana, ga jama'a na kallo, kafaɗa ta gurɗe tun ba a kai Madina ba. In Hajiya ce abin ya fi muni, don mazan da ba muharramanta ba ne za su cicciɓe ta. Raunin ƙafa shi kaɗai ba ya hana mutum shiga jirgi, saboda haka tsoron nan ba shi da tushe.

A gwada a gida. Tana iya hawa bene hawa ɗaya riƙe da ƙarfe ba wanda ya tallafe ta? Yana iya zuwa masallacin unguwa bai tsaya hutawa ba? Yana iya tsayuwar rabin awa a layi? A kuma tuna cewa wanda ya taso daga Daura tun asuba, ya yini a sansanin alhazai, ba ƙarfinsa na gida zai kai gindin jirgi da shi ba. In ana shakka tsakanin biyu daga haruffan nan, a zaɓi wanda ya fi yawan taimako.

Bayan an rubuta, a ce ejan ya nuna haruffan a takardar tikiti, kuma a kowane zango, zuwa da dawowa. Mai tashi daga Kano ya sauya jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira yana buƙatar keke a can ma, kuma tunda mai keke shi ne farkon shiga amma ƙarshen fita, tazarar awa ɗaya tsakanin jirgi da jirgi ba za ta ishe shi ba. In kamfani ya sauya ranar tashi, a sake kira, don wani lokacin buƙatar ba ta bin sabon tikitin. Alhazan jiha da ba su ke yankar tikitinsu ba, su faɗa wa jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsu a rubuce tun lokacin gwajin lafiya.

Mai kekensa na kansa ya tafi da shi, ba a lissafa shi cikin nauyin kaya. A wurin awo a sa a liƙa masa takardar kaya, a nemi a bar shi da shi har ƙofar jirgi. Kafin a karɓa a cire kushin da wurin ɗora ƙafa a shiga da su, su ne ke fara ɓacewa, a ɗauki hoton keken ta kowane gefe. In na lantarki ne, batir ne abin dubawa: wanda ake cirewa na lithium a hannu ake shiga da shi, kuma kada ya wuce Wh 300, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka. Don sanin Wh ɗinsa, a ninka lambar V da lambar Ah da aka rubuta a jikinsa: 24 sau 12 ya ba da 288, ya shiga, 24 sau 20 ya ba da 480, sai an yi magana da kamfani tun kafin a yanki tikiti. In keke ya fito a karye, a cike takardar rahoto a teburin kaya kafin a fita daga filin. A tafiyar ƙasashen waje kwana 7 ne wa'adin kai ƙorafi a rubuce.

A cikin jirgi ma'aikata ba sa ɗaga fasinja, ba sa ba shi abinci a baki ko magani, ba sa shiga ban ɗaki da shi. Mai buƙatar waɗannan dole ya tafi da ɗan rakiya, a haɗa musu kujera, ba kuma a layin ƙofar gaggawa ba. Wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ko mai buƙatar iskar oksijin, akwai fom ɗin MEDIF da likitansa zai cike. In an sauka a Jidda ko Madina a zauna a kujera har mai tura keke ya iso. Masu gaggawar bin ayari su fita, su ne ake tsinta a tsakiyar dogon zaure ba keke ba mai turawa. Hidimar a ƙofar fita take ƙarewa. Keken ɗawafi da sa'ayi lissafinsa daban.

Masu hali da suka fara sha'awar jiragen ruwa na shaƙatawa, irin waɗanda ke tashi daga Jidda tun 2021, su sani keken tashar na shiga da fita ne kawai. A cikin jirgin sai da naka, ɗakuna masu faɗin ƙofa kaɗan ne kuma da wuri suke ƙarewa, sannan inda jirgi ya tsaya nesa da gaɓa ake kwasar mutane da ƙananan kwale-kwale, ana iya hana mai keke sauka.

Roƙona ga Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina shi ne ta sa tambayoyin nan uku a fom ɗin maniyyata, ta miƙa wa kamfanin jigila adadin kowane hawa kafin jirgin farko ya tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Wanda kuma aka hana shi keke bayan ya nema a kan lokaci, ya riƙe katin shiga jirginsa ya kai ƙara sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya.

Wassalam.

Wani ejan tafiye-tafiye,
Ƙofar Ƙaura, Katsina